Hukuncin Rubuta Labarin Sarauta da Tsafin da Ya Ɓace

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce, ina rubuta littafi a waya, masu karatu suna biya ina tura musu shafi-shafi. Labarin wata daula ce da na ƙirƙira. Sarki ya mutu, waziri da wata matar sarki suka haɗa baki suka ture yarima, 'yar sarki ta tsere daji. A can ta ji labarin wani tsafi na kakanninta da ya ɓace shekara 700, wanda duk ya mallake shi gadon sarauta nasa ne, sai ta shiga nemansa. Na kai rabi, yayana ya ce abin da nake yi ƙarya ce da shirka, kuɗin ma haram ne. Tun ranar ban ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Mene ne hukuncina?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika dakata har ki tambaya. Yayanki ya haɗa abu uku a magana ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙagaggen labari bai shiga ƙaryar da shari'a ta haramta ba. Ƙarya ita ce ka faɗi abu saɓanin yadda yake, kana nufin mai sauraro ya ɗauka gaskiya ne. Ranar da kakarki ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", kuka ce "ta zo mu ji ta", kowa a tsakar gidan ya san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi ba, kuma ba wanda aka yaudara. A zaure muka karanta Muƙamar Hariri, littafin ƙagaggun labarai na Larabci, wanda mawallafinsa ya rasu shekara ta 516 bayan Hijira. Muƙama 50 ce, dukkansu a kan wani tsoho mai wayo, Abu Zaidin Assaruji. Malaminmu yakan tsaya a kan kalma ɗaya har rana ta take, yana warware lugga, wani lokaci ya yi murmushi saboda dabarar tsohon, kuma bai taɓa ce mana muna karatun ƙarya ba. Ibnu Hajar Alhaitami, a cikin Tuhfatul Muhtaj, ya halatta sauraron labarin da aka tabbata ƙirƙira ne, matuƙar ana nufin buga misali ko wa'azi ko koyar da hali irin jarumta, a bakin mutane aka sa shi ko a bakin dabbobi. Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi da ya yi gargaɗi ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya, abin da ya fi bayyana gare ni shi ne yana magana a kan wanda ya kawo ƙaryarsa a matsayin abin da ya faru.

Akwai hujjar da masu hani suke kawowa, kuma ba zan ɓoye miki ita ba, domin ta dace da irin littafinki ƙwarai. Nadru ɗan Harisu, wani Baƙuraishe a zamanin Annabi, yakan je fatauci birnin Hira da ke Iraƙi, ya koyo labaran sarakunan Farisa, na Rustum da Isfandiyar. Idan Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya tashi daga majalisa, sai ya zauna a wurin ya ce wa Ƙuraishawa labarinsa ya fi daɗi. Wasu malaman tafsiri sun ce a kansa aya ta 6 ta Suratu Luƙman ta sauka, mai zargin wanda yake sayen zancen shagala. To amma ayar da kanta ta faɗi dalili: don ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Laifin Nadru nufinsa ne. Ke dai ki kula kada labarinki ya yi aikin Nadru ba da saninki ba, kamar yarinyar da za ta kwana a kan shafinki har Asuba ta wuce ta.

Ambaton tsafi a labari shi ma ba shirka ba ne. Ƙa'idar malamai ita ce mai hakaito kafirci bai zama kafiri ba. Alƙur'ani ya kawo maganar Fir'auna cewa shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, ya kawo matsafansa da igiyoyinsu da sandunansu. A Sahihu Muslim, Annabi da kansa ya ba da labarin wani sarki da matsafinsa da ya tsufa, ya nemi a kawo masa yaro ya koya masa, yaron kuma ya riƙa biyawa wurin wani mai ibada a hanya. Ga fada, ga tsafi, ga makirci, duk a ciki.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne kalmar nan taki, "tsafin da ya ɓace". Ginin labarinki ya sa mai karatu yana ɗokin a gano shi, yana jin cewa ranar da aka gano shi gaskiya za ta yi halinta, azzalumi zai faɗi. Marubucin da yake rubuta wa mutanen da suka ɗauki tsafi tatsuniya zalla, halinsa daban. Mu a nan tsafi bai ɓace ba. Boka yana bayan gari, lambarsa tana yawo a waya, kuma mafi yawan masu karanta ki mata ne, wasu da kishiya, wasu da jiran miji, wasu da neman haihuwa. An taɓa kawo mini laya da aka tono a ƙarƙashin murhun wata amarya, an naɗe ta da baƙin zare, a ciki akwai gashi da allura da sunan mutum an rubuta shi a juye. Wadda ta binne ta tana salla biyar, tana kuka tana cewa ita dai ta ji an ce yana ci. Wannan "an ce yana ci" shi nake tsoron littafinki ya ƙara wa ƙarfi. Sihiri yana cikin manyan zunubai 7 masu halakarwa a hadisin Buhari da Muslim, aya ta 102 ta Baƙara ta kira koyonsa kafirci, Imamu Malik ma a kan haka ya tafi. Wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi kawai, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Abin da yake da wannan nauyi, bai halatta a ƙawata shi ya zama shi ne mai ceton jaruma ba.

Saboda haka ki ci gaba da littafinki, amma ki juya akalarsa. Tsafin yana iya zama a ciki, waziri ya dogara da shi, 'yar sarkin ma ta neme shi, ta same shi, ta ga abin da yake nema a hannunta na jini da imani, sannan nasararta ta zo ta wata hanya. Suratu Ɗaha ta ce matsafi ba ya cin nasara duk inda ya je, kada ƙarshen labarinki ya saɓa mata. A ganina hakan ma ya fi jan hankali, domin jarumar da ta riƙe abin da zai ba ta mulki sannan ta ajiye shi ta fi wadda tsafi ya ɗora a kan gado.

Abubuwan al'ajabi da kowa ya san ƙirƙira ne, kamar doki mai tashi sama ko birni a ƙarƙashin ruwa, ban ga laifinsu ba. Haram shi ne ki rubuta abin da za a iya kwaikwaya: surkulle na gaske, zanen hatimi, sunayen iskokin bori da yadda ake kiransu, irin dabbar da ake yankawa da inda ake binnewa. Kada ki je wurin boka da sunan bincike. Kada ki mai da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah makamin tsafi, kuma kada ki sa wani annabi a ciki. Marubuta da yawa suna jingina mulkin aljannu ga zobe ko tsafin Annabi Sulaimanu, alhali ayar Baƙara ɗin nan ta wanke shi daga wannan ƙazafin. Daularki ta zauna ƙirƙirarriya yadda kika faro ta, domin idan kika ɗauki sunan masarauta ta gaske kika jingina wa matan gidanta kisa ko asiri, kin shiga ƙazafi. A makircin cikin gida kuma ki tsallake batsa, ki rufe ƙofar turaka.

Kuɗi yana bin hukuncin aikin: idan littafin ya tsaya a kan waɗannan sharuɗɗa, abin da kika karɓa halas ne. Ki koma kan shafukan da kika riga kika tura, idan akwai wanda ya koyar da tsafi ko ya yabe shi, ki goge, ki sanar da masu karatunki, ki nemi gafarar Allah. Waɗanda suka biya tun farko suna bin ki bashin ƙarshen labari, ko ki kammala musu ko ki mayar da kuɗinsu. Yayanki kuwa kishin addininki ya sa shi magana, ki kai masa wannan amsa ku karanta tare, ki roƙe shi ya riƙa duba miki shafi kafin ki tura.

Wallahu a'alam.