Ƙaro, tawada, da tambayarka ta biyu

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka jefo mini a numfashi ɗaya: wai me ƙaro yake yi a cikin lemon kwalba har Turawa suke rububinsa, sannan wai mu Hausawan Sudan ba mu narke cikin Larabawa ba kuwa? Ta farkon ta yi mini daɗi, don ƙaro ne ya ciyar da gidanmu, kuma kimiyya nake koyarwa. Ta biyun na sha jin ta, har ta kusa daina yi mini zafi.

Ku can da an ce Sudan sai ku tuna Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da mutanen da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa gari kusa da Sinnar. Kakana ba ya cikinsu. Talaka ne da ya taso da niyyar Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Gadarif, ya tsaya noman dawa na shekara ɗaya. Shekarar ce har yau ba ta ƙare ba. Mahaifina shi ya shiga sayen ƙaro. Itacen da kuke kira ɗakwara a nan hashab ake ce masa. Idan damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, sai a ɗaye ɓawon reshe, bayan kamar mako shida a dawo a tsinci dunƙulen da ya daskare. Baba da harshe yake gane na kirki. Ya ɗan tsotsa, ya ɗaga shi wajen rana, ya ce wannan hashab ne, wancan kuwa talha, ƙaron wani itacen daban, aka cakuɗa masa.

To ga aikinsa. Ka taɓa ɗora allura a hankali a kan ruwa ta ƙi nitsewa? Ƙwayoyin ruwa suna jan junansu, na saman kuma ba su da abokan ja daga sama, shi ya sa saman yake ɗaurewa kamar fatar ganga. Ana auna wannan ɗauri, na tsabtataccen ruwa yana kai wa wajen 72 a ma'aunin milinyutan kan mita. Irin wannan ɗaurin yana nan a iyakar ruwa da mai, shi ne yake sa in ka girgiza su tare, ɗigon mai ya nemi ɗan'uwansa su haɗe su taso sama. Ɗanɗanon lemon kwalba kuwa da yawansa mai ne, irin na ɓawon lemo. In ba a yi dabara ba, sai ka ga zoben mai a wuyan kwalba.

Sabulu na iya sassauta ɗaurin nan take, ya rage shi da kusan rabi, don ƙwayarsa ƙarama ce mai saurin isa iyaka. Amma wa zai sha sabulu? Ƙwayar ƙaro ƙatuwa ce, cikin dangin da ake kira folima, wato sarƙa mai ɗaruruwan ƙulli kamar carbi, sai dai ta ƙaro mai rassa ce. Mafi yawanta sukari ne mai son ruwa, da ɗan furotin da bai wuce kamar kashi 2 cikin ɗari ba. Wannan ɗan furotin shi ne gwanin. Ba ya jituwa da ruwa sosai, don haka yana lallaɓawa ya manne a jikin ɗigon mai, rassan sukarin kuma su bazu cikin ruwa. Ba ya sauri, yakan ɗauki sa'o'i yana gyara zama, kuma bai kai sabulu rage ɗaurin ba. Amma in ya zauna, tayar da shi aiki ne, don ta wurare da yawa ya kama. Ɗigo biyu in sun yi karo sai rassan su tokare juna, kamar awaki biyu da shingen ƙaya a tsakani. Hashab ya fi talha iya wannan, shi ya sa ya fi tsada. Ka duba jikin kwalba ko ledar alawa, in ka ga E414, shi ne. Ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, ta bar wa ƙaro ƙofa.

Abin da ke ba ni dariya, kun daɗe da sanin wannan ba ku san kun sani ba. Me ya sa malamin allo yake jefa ƙaro a tawada? Yana lulluɓe ƙwayoyin baƙin ne don kada su dunƙule su kwanta a gindin kurtu, ya riƙe su a jikin allo, kuma da ruwa ya taɓa ya saki. Haka muke haɗa ta a makarantar unguwarmu, wadda a nan ake kira halwa. Kuma ka lura ƙaro ba ya yauƙi irin na kuɓewa ko karkashi, ko ka zuba da yawa, saboda ƙwayarsa a dunƙule take, ba ta miƙe tana sarƙewa da 'yan'uwanta ba.

Na san ka hango inda maganar za ta iya karkata, ka ce mu ne ƙaron, hannu ɗaya a mai ɗaya a ruwa. Ban yarda da misalin ba gaba ɗaya. Ƙaro ba a tambayarsa takardar kakansa. Ni an tambaye ni, a wani ofishi, ranar da na je neman shaidar zama ɗan ƙasa a garin da aka haifi ubana. A nan Fallata ake ce mana, ko Takari, ku kuma ku ce mana 'yan Sudan.

Auratayya kuwa, e, ana yi. Ƙanwata Balaraben Kurdufan take aure, danginsa sun yi tsaki, namu ma sun yi, innata ta yi wata guda ba ta taka gidan ba. Yanzu 'ya'yan suna kiranta kaka, suna cin tuwo da miyar kuka ba sa yatsina fuska. Hausarsu dai ta karye, wannan ba zan ɓoye maka ba. Tawa ma akwai halas da ya'ani a ciki. Amma wanda yake cewa zai je ofis da mota bayan ya yi cajin waya, ban ga bakin da zai yi mini gori da shi ba. Kuma tsiren da duk Sudan ke ci, agashe suke kiransa. Ka raba kalmar biyu ka ji ta wa ce.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kasuwar ƙaro ta rikice, hanyar El Obeid, garin babbar kasuwar ƙaro a Kurdufan, ta zama abin tsoro, ni ma na daina lissafin abin da muka rasa. Amma ku ma kuna da shi a Yobe da Borno da Jigawa. Ka samo kwalba biyu, ka zuba ruwa da ɗan man gyaɗa a kowacce, ɗaya ka narka mata ƙaro mai yawa tukuna. Ka girgiza su sosai ka ajiye, ka ga wadda man zai riga tasowa. Abin da ka gani ka rubuto mini da Hausa, zan gane.