Mulkin Sama da Mulkin Allah: abu ɗaya ne ko biyu?

Tambaya: Malam, ni 'yar zumuntar mata ce a nan Garwa. Muna nazarin Bisharar Matiyu kowace Alhamis da yamma, sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Wasu sun ce Mulkin Sama shi ne inda za mu je bayan mutuwa, Mulkin Allah kuwa ikilisiya ce a nan duniya. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, sannunku da himma. Gardama irin wannan tana faranta mini rai, domin sai wanda ya zauna da Littafi Mai Tsarki ne yake lura da irin wannan bambanci. Amma abu ɗaya ne, suna ne biyu.

Ki buɗe Matiyu 19:23. Yesu ya ce da wuya mai arziki ya shiga Mulkin Sama. A aya ta 24, bai ko canja zance ba, ya kawo maganar raƙumi da kafar allura, ya ce Mulkin Allah. Sannan ki ɗauki misalin ƙwayar mastad: a Matiyu 13:31 Mulkin Sama ne, a Markus 4:30 da Luka 13:18 kuwa Mulkin Allah ne, misalin kuma shi ne dai. A duk Sabon Alkawari Matiyu kaɗai ke cewa Mulkin Sama, fiye da sau 30.

To, me ya sa? Ke kanki kin san amsar. Idan aka ce "fada ta hana" ko "fada na kira", babu wanda zai zaci ginin ne ya yi magana, Lamiɗo ake nufi, an sakaya sunansa don girmamawa. Yahudawa ma haka suke yi da sunan Allah, sukan ce Sama. A wani misalin da Yesu ya bayar, ɗan da ya ɓatar da gādonsa ya ce wa mahaifinsa ya yi wa Sama zunubi (Luka 15:21). Matiyu ya fi fuskantar masu karatu Yahudawa, waɗanda suka san Daniyel 2:44, inda aka ce Allah na Sama zai kafa mulkin da ba zai rushe ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a mai da Mulkin Sama wani gari da sai an mutu ake zuwa. Hausarmu ma ta taimake mu a nan: mulki sarauta ce, iko ne. Shi ya sa muke roƙo a Matiyu 6:10 cewa mulkinsa ya zo, a yi nufinsa a duniya kamar yadda ake yi a Sama. Cikarsa tana gaba, ranar da Almasihu zai dawo, amma ya riga ya fara aiki. Ikilisiya kuwa jama'ar Sarkin ce, masu shaidar mulkin, ba ita ce mulkin dungum ba.

Alhamis mai zuwa ku tsaya a kan Matiyu 13:33, matar da ta cuɗa yisti a mudu uku na gari. A cikinku ba a rasa mai tuyar fanke. Ku bar ta ta faɗa muku yadda take kwaɓa ƙullu da dare, ta rufe roba, ta kwanta, da asuba ta tarar ya kumbura har ya ɗaga murfi, ba tare da ta ji motsinsa ba. Daga nan ku karanta Luka 13:20-21, ku ga sunan da Luka ya kira wannan mulki.