Nawa ake kashewa kafin maganin ido ya kai ga masu naƙasa?

Tambaya: Likita, ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ido. Na kawo shawarar a gyara wurin saboda masu keken guragu da kurame, mu kuma riƙa fita muna duba waɗanda ba sa iya zuwa. Sai aka ce mini abin ya fi ƙarfin aljihunmu. Da gaske tsadar ta kai haka?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Akwai kuɗi a ciki, ba zan ɓoye miki ba, amma sau da yawa ba inda shugabanni suke tsoro kuɗin yake ba.

Da an ce gyara, hankalinsu kan gini yake tafiya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar kan naƙasa a 2011 ya nuna cewa idan tun a zanen gini aka sa gangaren hawa da ƙofa mai faɗi da banɗakin da keke zai shiga, ƙarin bai cika wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin ba. Fasa tsohon gini ne ke cin kuɗi, shi ma ana iya yin sa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi tsada shi ne lokaci. Kurma na buƙatar mai fassara masa da yaren hannu. Yaron da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa ba zai karanta allon haruffa ba, sai an bi shi a hankali da hotuna, wani lokacin sai ya dawo sau biyu. Wanda ba ya iya tashi daga keke ba zai kai haɓarsa kan na'urar duba ido ta tebur ba, dole a nemi ta hannu. Asibitin da ke auna nasararsa da yawan waɗanda aka gani a rana zai ɗauki duk wannan a matsayin asara. Ni kuwa lamarin kurma ya fi tsaya mini a rai: da ido yake jin magana, don haka ranar da yanar ido ta rufe masa gani, ta raba shi da hira da kowa.

Sai kuma kuɗin da ba ya shiga littafin asibiti. Ko da aikin yanar ido kyauta ne, mai naƙasa zai biya kuɗin motar mutum biyu, ɗan rakiyarsa ya bar sana'arsa ta ranar, sannan su sake dawowa a duba aikin. Nan ne mata da tsofaffi da mazauna nesa suke sarewa.

Ki tuna wa shugabannin cewa barin mutane haka ma ba kyauta ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta ƙiyasta cewa dala biliyan 14.3 za ta isa a yi wa masu jiran tabarau da aikin yanar ido a duniya. Kwamitin masana na mujallar Lancet Global Health kuma ya ce a 2021 raunin gani na jawo asarar kusan dala biliyan 411 duk shekara ta fuskar aikin da ba a yi ba. Ga kuma sashe na 25 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, wanda ya ce a ba su kulawar lafiya daidai da ta kowa.

Daga ina kuɗin zai fito? Asibitocin Aravind na Indiya, da aka kafa a Madurai a 1976, suna riƙe marasa hali da abin da masu hali suka biya. Ƙaramin asibiti ba zai kai su yawan marasa lafiya ba, amma dabarar tana aiki.

Kada ki kai musu buƙatun a dunƙule. Fara da abin da ba ya cin ko sisi: rana ɗaya a mako da za a rage layi, a ba kowa isasshen lokaci, a mayar da ɗakin gwaji ƙasa idan a bene yake. Ki gayyato ƙungiyar masu naƙasa su zaga asibitin da kansu, su za su nuna miki inda ake makalewa. Ki riƙa rubuta adadin waɗanda suka zo da waɗanda ba su dawo ba, da dalilinsu. Bayan wata shida, da wannan takardar za ki nemi kuɗin gangare da na'urar hannu.