Babana, ka ce in nemo maka takardun kakanni

Babana,

Saƙonka ya iso ni bayan la'asar, ƙanwarka ce ta karanta mini, don ido ya fara gajiya da ƙananan rubutun waya. Ka ce kana son takardar haihuwar kakanka wanda ka ci sunansa, da ta aurensa da ta rasuwarsa, har da na mahaifinsa in za a samu, wai za ka zana bishiyar dangi a kwamfuta. Sai da na yi dariya har Hajiya ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Amma da dare ya yi, maganar ta hana ni barci.

Ni kaina da kake tambaya ba ni da takardar haihuwa. Abin da aka faɗa mini, an haife ni da sanyin shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba, wato 1956. Ranar shiga firamare hedimasta ya ce in ɗora hannu bisa kai in kamo kunne. Na kamo, ya rubuta shekarun da ya ga dama. Ya tambayi sunan ubana, kunya ta hana ni faɗa, sai ya rubuta sunan garinmu. Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun hukumar ƙidaya sai 1992 ta zo, lokacin kakanka ya daɗe a ƙasa.

Rajistarmu a cikin suna take. In ka ji Tanko, ka san mata ne a gabansa. Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da ubansa ba, Azumi kuwa watanta a goshinta yake. Aure kuma takardarsa goro ne da shaidu, da maroƙin da zai ɗaga murya ya ce an ɗaura a kan sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba. Wanda ya ci goron nan shi ne shaidarka har ya mutu.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona ina ɗan shekara goma sha uku. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fice cikin mako biyu. Hausawan da aka haifa a zangon Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, suka ɗauro kaya a manyan motoci. Wata rana da hantsi, iskar hunturu na kaɗawa, sai ga wani mutum a ƙofar gidanmu a ƙasar Bichi, da mace da yara uku da akwatin ƙarfe guda. Leɓunansu duk sun tsattsage, ba su saba da sanyinmu ba. Hausarsa wata iri, yara muna ta ƙunshe dariya. Ya ce shi ɗan gidan nan ne, ubansa ƙanin kakanmu ne da ya bi fataken goro zuwa Gwanja tun yana saurayi bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba hoto, ba komai a hannunsa.

Babanmu ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo fura. Kwana uku ba wanda ya tambaye shi komai. Amma a cikin gida ana ta ƙus-ƙus, don akwai gonar gado da ba a raba ba, wasu na cewa ita ta kawo shi. A rana ta huɗu Goggo Babba, yayar kakanmu, ta ce a kawo mata shi. Ta haura saba'in, idonta ya yi hazo, tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari a hannu tana kaɗi. Ni aka aika in kira shi, na kuwa maƙale a bayan rumbu don in ji.

Ba ta tambayi sunan ubansa ba, ta ce wannan kowa zai iya ji a kasuwa. Ta ce ya matso. Ta ajiye mazarin, ta shafa fuskarsa da tafin hannu tana neman zanen gidanmu, ba ta samu ba, don a can ba a yi masa ba. Na ga jikinsa ya yi sanyi. Sai ta ce, ubanka da wane hannu yake riƙe buta? Ya ce da hagu yake ɗauka, don ɗan yatsansa na dama ya lanƙwashe, ya ce lauje ne ya sare shi yana yaro. Goggo ta yi shiru. Ta ce, wa ya riƙe laujen? Ya ce ubansa bai taɓa faɗa ba, cewa kawai yake yi wadda ta sare shi ita ta goye shi har ya warke. Sai ta ce, in yana lallashinku me yake rerawa? Mutumin nan, ƙato da gemu, ya sunkuyar da kai ya fara wata 'yar waƙar niƙa da muryarsa tana rawa. Bai kai baiti na biyu ba Goggo ta karɓe ta ƙarasa. Waƙar uwarsu ce, ba a yin ta a wani gida. Ta kama kansa ta rungume tana kuka, tana kiran ƙaninta da laƙabin da ban taɓa ji ba sai ran nan. Ita ce ta riƙe laujen.

Sai bayan nan Malam na masallacinmu ya ce a ɗauko gafakar kakanmu. A bangon Alƙur'anin, da tawadar da ta koma ja, akwai layuka na ajami da mahaifinsu ya sa aka rubuta. Malam ya bi da yatsa har ya kai inda aka ce an haifi wane daren Alhamis, shekarar da Nasara suka shiga Kano, 1903 ke nan. Ka ga takarda ta zo, amma a baya ta zo, bayan an riga an yanka masa rago. Kuma ka lura, a layukan nan kaf babu sunan uwa ko ɗaya. Sunayen matan gidanmu a cikin kan Goggo suke, da ta rasu suka tafi da ita. Wannan yana cikin abin da nake nadama, shekara shida na yi kusa da ita bayan wannan rana, ina da biro ina da littafi, ban rubuta ko suna ɗaya ba.

Abin da ya hana ni barci kuwa shi ne wannan. Babanmu yakan ce asali rijiyar gida ce, a sha ruwanta, ba a yasarta a gaban baƙi. Babu gidan da za ka tona a ƙasar nan ka rasa wadda aka sayo, ko wanda ya musulunta da girmansa, ko auren da ya mutu da baƙin ciki. Tsofaffi sun san wannan duka, suka rufe, aka zama ɗaya. Ku kuma yanzu komai sai a ɗora a Facebook, kowa ya zama jikan sharifai ko na masu jihadi. Malamanmu sun karantar da mu hadisin da ya ce a nemi sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. To, kai rabonka da Bichi tun bikin yayarka. Jikokin baƙon Kumasin nan suna Kano, unguwarsu ba nisa da wurin aikinka, ba ka san ƙofarsu ba. Zumunta a ƙafa take, Babana.

Ban ce kada ka nema ba. In ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna za ka ga rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomi don kimanta haraji, sai dai hakimai da dagatai za ka fi gani, ba manomi irin kakanka ba. Inda talaka ya fi shiga takarda shi ne kotun alƙali ranar rabon gado, don a nan ake jera magada da sunayensu, har mata. Gonar nan tamu an raba ta a gaban alƙali bayan zuwan baƙon, shi ma ya sami rabon ubansa.

Gafakar tana hannun ƙaramin baffanku a gida, gara ta ci gefe guda, amma layukan suna nan. Akwai kuma 'yar Goggo ta ƙarshe, tana raye, kunnenta ne kawai ya yi nauyi. In za ka je wurinta ka sayi goro fari da turmin atamfa, ka bar kwamfutar a mota, kada kuma ka tambaye ta sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ba za ta faɗa ba. Ka bari sai bayan sallar isha'i in ta jiƙa goronta. Ka gaya mini ranar, in jiki ya yarda mu tafi tare.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Baffanka