Amsa: me ya sa tsoron korona ya fi kama wasu?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki tun korona ba ta iya barci alhali ku ƙalau kuke. Wallahi ba raunin imani ba ne. Mai yawan tunani dama, ko wanda ya taɓa ganin tashin hankali kamar mutanenmu da suka gudo Maruwa, a arewacin Kamaru, saboda Boko Haram, shi tsoro ya fi kamawa, ga kaɗaici da aka rufe makarantu a 2020, ga jita-jitar WhatsApp dare da rana, kuma a lokacin ba wanda ya san ranar ƙarewar abin. Hukumar lafiya ta duniya ma ta ce damuwa ta ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko. Ki riƙa zama da ita kina saurarenta, in ya ci gaba ku kai ta asibiti. Allah ya ba ta sauƙi.