Amsa kan taƙaita kalmomi a rubutun neman gurbin karatun PA (mataimakin likita)

Ƙanwata, kin tambaya ko za ki iya rubuta PA, CNA (mai taimaka wa ma'aikatan jinya), ER (sashen gaggawa) da ire-irensu a taƙaice cikin rubutun bayanin kai da CASPA, wato shafin da ake neman gurbin karatun PA ta cikinsa, ke nema, tunda haruffa 5,000 kacal aka ba ki, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Sau biyu na nemi gurbin karatun mataimakin likita a nan Amurka, sai a na biyu Allah ya yi.

A karon farko ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kullum yaren asibiti nake ji, shi na kwaso na zuba a takardar. Wata ma'aikaciyar jinya da ta girme ni ta karɓa ta karanta, ta ɗora yatsa a layi na uku ta ce, "Wannan pt ɗin, majinyaci kike nufi ko gashin ƙashi?" Na yi shiru. Ga shi kuma akwai gwajin daskarewar jini da ake kira PT. Haruffa biyu, ma'ana uku. Ta tuna min cewa tun 2004 Joint Commission, hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka, ta hana rubuta MS a takardun magani, don wani zai karanta shi mofin, wani magnesiyam. Ta ce idan asibiti ma na tsoron irin wannan, ina ga takardar da za a auna hankalinki da ita.

PA dai babu laifi. Ki rubuta physician assistant cikakke sau ɗaya a farko, ki sa PA a gefensa, daga nan ki ci gaba da PA har ƙarshe. Amma don Allah ki kula, kada ki rubuta physician's da 's a ƙarshe. Masu tantancewa suna ganin wannan kamar ba ki ma san sunan aikin da kike nema ba. AAPA, ƙungiyar masu aikin PA ta Amurka, ta amince da sunan physician associate a 2021, sai dai takarda ɗaya ce ke zuwa duk makarantun da kika zaɓa, ni na tsaya kan assistant ban kuma ga matsala ba.

Sauran kuwa, duk kalmar da sau ɗaya za ta fito, rubuta ta cikakkiya. Taƙaitawa na da amfani ne ga wadda za ki maimaita sau uku ko huɗu.

Inda mu 'yan gida muke faɗawa rami shi ne CHEW (ma'aikacin lafiyar al'umma) da NYSC. Baturen da ke karantawa a Ohio idan ya ga CHEW zai ɗauka tauna abinci kike nufi. Ki ce kin yi aikin lafiya a matakin farko a ƙauye, ki faɗi abin da hannunki ya yi: rigakafi, awon ciki, wanke rauni. Wannan ya fi haruffa huɗu nauyi.

A wajen bayanin ayyukan da kika yi, inda haruffa 600 ne kowanne, can kam ICU (sashen kulawa ta musamman), CPR (farfaɗo da zuciya da numfashi) da EKG (gwajin bugun zuciya) sun wuce lafiya.

Da adadin haruffan ya ƙure min a karo na biyu, labarin yarintata na sakin layi guda na cire gaba ɗaya, na samu haruffa kusan 700. Sannan na ba mijina, wanda direban babbar mota ne, ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe na gyara. Ki yi wannan kafin ki tura, domin da zarar kin danna, CASPA ba ta barin a taɓa rubutun.