Amsa a kan Live Telecast da masu sharhin fina-finan Tamil

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Malam, na saurari tambayarka a kan dalilin da ya sa masu sharhi suka yi wa Live Telecast, shirin fatalwa mai dogon zango na harshen Tamil na kudancin Indiya, kaca-kaca, amma na lura abin da kake nufi a ƙasan maganar shi ne wai sun tsani duk fim ɗin fatalwa da aka cakuɗa da barkwanci. Wannan zargi ba zai tsaya ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Shirin ya fito a manhajar kallon fina-finai ta Disney+ Hotstar a watan Fabrairun 2021, kashi bakwai, Venkat Prabhu ne ya ba da umarni, Kajal Aggarwal kuma ta fito a matsayin mai shirya shirin talabijin wadda ta kwashi ma'aikatanta zuwa wani gida domin a nuna wa duniya fatalwa kai tsaye, sai gidan ya rufe da su. Dabarar labarin tana da kyau. Abin da yawancin masu sharhi suka kama shi da shi shi ne jan rai, da kuma cewa tsoron bai kama jiki ba, barkwancin kuma bai kai ya rufa masa asiri ba.

Ai ka kalli Kanchana ta 2011, fim ɗin fatalwa da barkwanci wanda Raghava Lawrence ya ba da umarni. Ka tuna ƙaton saurayin nan da ba ya iya zuwa banɗaki da dare sai mahaifiyarsa ta raka shi, ka kuma tuna inda Kovai Sarala, wadda ta fito a matsayin mahaifiyar, da surukarta suka ajiye kwakwa a ƙasa domin su gwada ko akwai aljani a gidan, kwakwar ta kama juyawa da kanta, su kuma ido ya raina fata. A wurin nan dariya da fargaba tare suke zuwa, domin abin da ya firgita matan shi ne ya ba ka dariya, kuma ba a ba ka sararin da za ka tsaya ka yi tunani ba. Wannan aiki ne na daƙiƙoƙi, an gina shi domin ɗakin sinima cike da jama'a, inda ihun na kusa da kai yake ƙara maka naka. Masu sharhi ba su ɗauki na uku a jerin Kanchana, wanda ya fito a 2019, a matsayin wani abin a zo a gani ba, amma jama'a sun cika sinimomi. Haka Aranmanai ta Sundar C, wadda ta fara a 2014 ta kai ta huɗu a 2024. Kuma kada a manta, labarin Kanchana ɗin nan dai Lawrence ya sake yin sa da harshen Hindi da sunan Laxmii, da Akshay Kumar, aka fitar da shi kai tsaye a Hotstar a 2020, masu sharhi da 'yan kallo suka taru suka yi masa rubdugu. Labari ɗaya, darakta ɗaya, sai dai babu Kovai Sarala, babu kuma taron sinima.

To ka ɗauki irin wannan salo ka shimfiɗa shi kashi bakwai, mutum yana kallo shi kaɗai a waya, yana tsayarwa ya amsa kira. Kowane kashi dole ya ƙare da abin firgita domin ka danna na gaba, kuma kafin a kai tsakiya ka riga ka gane lokacin da ƙofa za ta bugu.

Batun cewa ana yi wa Venkat Prabhu hassada kuwa, don Allah a bar shi. A ƙarshen shekarar 2021 ɗin nan ya fitar da Maanaadu, kuma masu sharhin fina-finan Tamil suka yaba shi ƙwarai.